Inda na ci tuwo ina jiran jirgin Yola a Abuja

Mai zuwa Yola, Sakkwato ko Maiduguri daga Legas, sau da yawa sai ya ya da zango a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Idan kamfanin jirgin farko daban ne da na biyu, za ka karɓi jakarka, ka fito, ka sake bin layi a auna ta. Wanda ya sauka da hantsi kuma jirginsa sai bayan la'asar, dole ya nemi abin da zai sa a cikinsa.

Ban ba kowa shawarar shiga gari don cin abinci ba. Filin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, titin Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma yakan cushe wajen Lugbe. Akwai jirgin ƙasa da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka dawo da shi a watan Mayun 2024, yana bi ta Idu zuwa cikin gari. Yana da daɗin hawa, amma da nasa lokacin yake tafiya, ba da naka ba.

Na fara gwada wani shagon abinci a cikin ginin masu tafiyar cikin gida. Wurin tsaf yake, ga sanyin na'ura, ga inda za ka yi cajin waya. Sai dai dafa-dukar da aka zuba mini ta kwana biyu da sauka daga wuta a ɗanɗanonta, ɗumama ta kawai aka yi, kazar kuma ta bushe. Kuɗin ma ba kaɗan ba. Na san hayar shago a irin wannan wuri da tsada take, amma wanda ya biya da yawa ya cancanci abinci mai zafi na ranar.

Bayan sallar azahar ne wani direban tasi, dattijo, ya ji ina tambaya, ya ce, "Alhaji, in tuwo kake so, biyo ni." Muka taka zuwa wajen da direbobi ke ajiye motoci, inda wata baiwar Allah ke sayar da abinci a rumfa. Masu dakon kaya, masu shara, jami'an tsaro, duk nan suke ci. Ta tarbe ni da "Sannu da hanya, Alhaji, kuka ko taushe?" Na ce taushe.

Gaskiya matar nan ta iya girki. Tuwon shinkafar ya tuƙu sosai, babu gudaji, yana turiri. Miyar ta sha kabewa da gyaɗa, daddawar ta fito ba ta yi yawa ba, ga alayyafo bai dahu ya mutu ba. Naman ƙashi ne, ya yi laushi har yana sakin jikinsa. Ta ɗiga man shanu ba tare da na roƙa ba, ta miƙo yaji a murfin roba. Zoɓonta akwai citta da kanumfari, sukari daidai. Abin da na biya, har da ƙarin malmala ɗaya, bai kai rabin na cikin gini ba. Akwai shinkafa da wake da mai da yaji, akwai kuma sakwara da agushi ga mai so, amma ta ce tuwon ne ke fara ƙarewa, don haka wanda ya wuce ƙarfe biyu zai iya tarar da tukunya wayam.

Wurin yana da nasa cikas. Benci biyu ne kacal, rufin kwano ne, zafin Abuja kuma a watan Maris ba wasa ba. Ƙudaje na kawo ziyara duk da tana rufe kwanukanta. Ruwan wanke hannu a buta yake, da sabulu a gefe. Mace mai ƙananan yara da manyan jakunkuna za ta sha wahalar takawa, gara ta aiki wani ya ƙullo mata. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin tura kuɗi ta waya yakan maƙale a wajen.

Ka fara miƙa jakarka ka karɓi katin shiga jirgi kafin ka fita, in an buɗe kantar kamfanin jirgin. Da ka dawo za a sake duba ka daga farko, layin kuma yakan yi tsawo da yamma, saboda haka ka bar rumfar aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin tashi.