Farar ƙasa, fenti ko siminti: me za ka shafa wa murhun jan bulo?

Duk wanda ya sayi tsohon gida a Amurka ko Ingila, da wuya bai gaji murhun ɗumama falo ba: jan bulo tun daga ƙasa, wani har rufi, bakinsa ya yi baƙi da hayaƙin shekaru. Yana cinye hasken ɗaki, shi ya sa masu gida da yawa ke neman farfaɗo da shi da fari. Amma kafin ka je shago, ka sani cewa bulo shan ruwa yake yi. Abin da ka shafa masa ciki yake shiga, kuma kayan da ake sayarwa ba ɗaya suke ba wajen ba ka damar ja da baya.

Fara da gwada bulon. Yayyafa masa ruwa. Idan ya shanye, launinsa ya ƙara duhu, bulon tsirara yake. Idan ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo ya gangaro, to wani ya riga ka shafa masa fenti ko maganin hana shan ruwa, kuma zancen farar ƙasa ya ƙare, don ba za ta kama ba.

Idan ya sha, ni dai farar ƙasa zan ba ka shawara. Ba baƙuwa ba ce, ita ce dai wadda muka sani ana yi wa bango, sai dai can ana sayar da ita a kwaɓe cikin bokiti, kamar ta kamfanin Romabio, kai kuma ka tsinka ta da ruwa. Ba fata take yi a kan bulo ba. Tana shiga ƙofofinsa, ta haɗu da iskar da ke ɗakin, a hankali ta koma dutse, shi ya sa danshi ke iya fita ba tare da ta kumbura ta ɓare ba. Ana jiƙa bulon tukuna, sannan a shafa da babban buroshi mai kaurin gashi. Tana jiƙe za ka ga kamar ba ka yi komai ba, jan bulon na leƙowa, sai ta bushe farin ya fito. A nan mutane ke yin ganganci su ƙara shafi biyu, washegari su tarar da bango fari fat. Babbar fa'idarta ita ce a kwanakin farko ruwa da soso na iya rage ta, ko su wanke ta kusan gaba ɗaya. Aibinta kuma: tana cin fata, ta fi hatsari a ido, dole safar hannu da tabarau, sannan wani lokacin takan bar ɗan gari a rigar wanda ya jingina.

Hanyar da ta fi yawa a bidiyoyin intanet ita ce fentin ruwa fari da aka tsinka, galibi rabi fenti rabi ruwa, a shafa a bi da tsumma. Ta fi araha, ƙaramin gwangwani ya ishi murhu guda, a yini ɗaya an gama. Amma gaskiya fenti fenti ne komai tsinkinsa. Da ya bushe a cikin bulo, fitar da shi sai da sinadari da kankara, kuma da wuya bulon ya dawo yadda yake. Ga shi idan hannu bai daidaita ba, sai wani bulo ya yi ruwan hoda wani ya yi fari. Wanda bulonsa ya riga ya sha fenti ne ya kamata ya bi nan.

Akwai kuma wanda Amurkawa ke kira shafen Jamus, wato a kwaɓa farin siminti na gini, a cusa shi tsakanin bulo da bulo, a ja shi a kan fuskarsu, a goge wani sashe kafin ya ƙame. Yana da kyau, yana kuma rufe bulon da ya farfashe. Sai dai aiki ne na mai hannun magini, kuma in ya bushe, shi ke nan.

Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa da kuɗin wanki. Baƙin hayaƙi na da maiƙo, in ba a wanke shi da buroshi da sabulu mai ƙarfi ko garin TSP (wani sinadarin wanki mai cire maiƙo) ba, zai huda farin ya fito rawaya-rawaya a saman bakin murhun. Kuma duk waɗannan na fuskar waje ne. Cikin ramin da wuta ke ci yana da fentinsa daban, mai jure zafi, za ka ga an rubuta 1200°F a jikin gwangwanin, wajen digiri 650 ke nan a ma'aunin da muka saba.

Idan akwai tsohon fenti a jiki kuma gidan ya girmi 1978, shekarar da Amurka ta hana fentin gida mai dalma, kada ka kankare shi sai an gwada. A Ingila kuwa, gidan da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi na iya buƙatar izinin ƙaramar hukuma ko da gyaran na cikin ɗaki ne. Ɗan haya kuma ya nemi yardar mai gida a rubuce, don kuɗin ajiyar da ya bai wa mai gida ne za su biya wankin bulon.