Sharhi kan ajin ilimin zafi da makamashi da ake koyarwa da Hausa a Agege

A wani bene da ke unguwar Hausawa ta Agege, wata ƙaramar cibiyar karatun yamma da ta saba shirya yara don jarrabawar WAEC da JAMB ta buɗe aji na manya a ranakun Asabar da Lahadi bayan sallar La'asar, inda ake koyar da ilimin zafi da makamashi da Hausa. Mahalarta sun haɗa da masu gyaran firji da janareta, da 'yan kasuwa, da wasu ɗalibai 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Na biya kuɗin zango na zauna har ƙarshensa, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, ko da yake akwai gyare-gyaren da ya kamata masu cibiyar su yi.

Ƙarfin ajin yana ga malaminsa, wanda ya san cewa mazaunin Legas ya fi kowa sanin janareta, don haka daga nan ya ɗauko darasin. Ya bayyana cewa makamashi ba ya ɓacewa, sauya kama kawai yake yi, sannan ya nuna cewa abin da ƙaramin janareta ke mayarwa lantarki daga cikin makamashin fetur bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, ragowar kuwa tana fita ne a matsayin zafi ta salansa da jikin injin. Masu gyara da dama sun ɗauka cewa rashin ingancin ƙira ne kaɗai ke jawo wannan asara, sai malam ya kawo aikin Sadi Carnot, injiniyan Faransa da ya nuna a 1824 cewa kowane inji mai aiki da zafi yana da iyakar da ba zai wuce ba. Ya buga misali a allo: injin da ke karɓar zafi a 600 na ma'aunin Kelvin (ma'aunin zafi da ke fara ƙirga daga iyakar sanyin da ba a iya wucewa) yana zubar da shi a 300 ba zai taɓa mayar da fiye da rabin zafin ya zama aiki ba, komai gwanintar maƙerinsa.

Darasin entirofi, wato ma'aunin yadda makamashi ke watsewa abubuwa kuma ke cakuɗuwa, shi ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanci hakan. Rudolf Clausius na Jamus ne ya fito da wannan ma'auni a 1865, bayan ya tsayar da ƙa'idar cewa zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa abu mai ɗumi. Malam ya bi ta hanyar Ludwig Boltzmann na Ostiriya, wanda ya danganta entirofi da yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu za su iya jeruwa, ya ce idan aka zuba jar dawa a kan farar dawa a buhu ɗaya aka yi ta girgizawa, cakuɗuwa za su yi, kuma babu yawan girgizar da za ta sake raba su, domin hanyoyin cakuɗuwa sun ninka na rabuwa ninkin ba ninkin. Daga nan ya koma kan firji, ya nuna cewa sanyin da ke cikinsa ana biyan kuɗinsa ne da zafin da ke fita ta bayansa, wanda ya fi wanda aka ciro daga ciki yawa, shi ya sa barin ƙofar firji a buɗe ƙara wa ɗaki zafi yake yi. Na ga yadda masu gyaran firji suka natsu a wannan gaɓa, domin abin da hannunsu ya daɗe da sani ne aka ba su dalilinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɓangaren makomar sararin samaniya, wanda aka cusa cikin gaggawa a ƙarshen zango. An ambaci abubuwan da suka dace: cewa William Thomson, masanin kimiyya na Birtaniya, ya yi rubutu a 1852 kan yadda makamashi mai amfani ke ta watsewa, cewa Edwin Hubble, masanin taurari na Amurka, ya nuna a 1929 rukunonin taurari suna nisantar juna, cewa a 1998 masu bincike suka gano wannan faɗaɗar sararin tana ƙara sauri, kuma shekarun sararin sun kai kimanin biliyan 13.8. An ce rana tana da sauran shekaru kusan biliyan 5 kafin makamashin cikinta ya ƙare, kuma idan faɗaɗar ta ɗore, taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya har zafi ya daidaita ko'ina, ya zama babu wani bambanci da inji ko rai zai yi aiki da shi. Sai dai malam ya gabatar da wannan kamar hukuncin da aka riga aka yanke, alhali hasashe ne da ya rataya kan cewa ƙarfin da ke tura faɗaɗar zai ci gaba yadda yake, kuma masana ba su gama gano ainihin wannan ƙarfi ba. Ya dace a fayyace wa ɗalibai bambancin dokar da aka gwada a kan injuna sau ba adadi da hasashen da aka gina a kanta.

Duk da haka, na yaba da yadda ya amsa wa wani dattijo da ya tambaye shi ko wannan shi ne tashin alƙiyama. Ya kira shi Baba, ya ce masa cikin ladabi lissafin masana yana magana ne kan inda abubuwa suka dosa idan dokokin da aka auna suka ci gaba da gudana, sanin Sa'a kuwa na Allah ne, kuma malaman addini ne za su yi bayaninsa.

Ɗakin karatun ƙarami ne, yana da zafi, kuma idan aka ɗauke wuta ƙarar janareta tana danne muryar malam ga na baya. Babu ko ma'aunin zafi ɗaya da za a yi gwaji da shi, ba a kuma raba takardun darasi, sai dai kowa ya kwafa daga allo. Lissafin da ake yi kaɗan ne, saboda haka ɗalibin da ke shirin jarrabawa zai buƙaci ƙarin atisaye a wani wuri. An ware wa mata layi nasu, ana tashi kafin Magariba, kuma wanda zai taso daga Mile 12 ko Idi-Araba gara ya fito da wuri saboda cunkoson motoci.