Gwal mai lamba 18 ko mai 21: wanne ya kamata ki saya?

'Yar'uwa, kin ce kin ɗauki adashi, kina son sarƙa da 'yan kunne, amma kin rasa zaɓi tsakanin mai 18 da mai 21. Allah Ya sanya alheri.

Ki fara duba ɗan hatimin da ke kusa da inda ake maƙala sarƙar. In kin ga 750, mai 18 ne. In 875 ne, mai 21 ke nan. Wato a giram 10 na mai 18, giram 7.5 ne gwal zalla, sauran jan ƙarfe ne da azurfa. A mai 21 kuwa giram 8.75 ne. Shi ya sa ɗan Saudiyya, wanda galibi 21 ne, ya fi rawaya sosai, ɗan Italiya mai 18 kuma ya ɗan fi haske.

Mai 18 ya fi tauri. Zoben da za ki wuni da shi a hannu, kina girki kina wanki, ko siririyar sarƙar da jariri zai riƙa fizga, shi ya dace da su. Mai 21 yana da laushi; awarwaronsa kan lotsa in ya bugu da bakin tukunya.

Amma kuɗin adashi ne, ni dai 21 nake ba ki shawara, kuma mara duwatsu. Ranar da buƙata ta taso kika kai shi wajen 'yan gwal, sikeli za su ɗora shi, su cire nauyin duwatsun, kuɗin aikin da kika biya kuma ba ya dawowa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta kai saitin lefenta mai ƙyalƙyali, aka ɓamɓare duwatsun a gabanta, idonta ya cika da hawaye. Don haka ki sa a auna a gabanki, a rubuta miki giram da lamba a rasit.

Wajen kulawa duk ɗaya ne: ruwan ɗumi, ɗan sabulu, burushi mai laushi. Ki fesa turare kafin ki saka, ki cire in za ki taɓa bilic ɗin wanki. Ki kuma kiyayi man canza fata, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin zaiba (mercury), wadda ke cin gwal ta bar masa farin tabo. In kin cire, kowanne ki naɗe shi a tsummansa daban, kada su goge juna.