An sauya inji: filawil ɗan Beljiyam ko gyaran tsoho?

Masu Peugeot 406 a Katsina sun san wannan matsalar. An sayo inji ɗan Beljiyam, ashe daga mota otomatik aka cire shi, faranti siriri ne a bayansa, ba inda kuloci zai zauna. Dole a nemo filawil, wato farantin ƙarfe mai kauri da kuloci ke zama a kansa.

Wasu kan kai filawil na tsohon injin wajen mai yankan ƙarfe ya buɗe sabbin ramukan noti da za su dace da injin da aka sayo. Ya fi araha, a wuni ɗaya an gama. Amma in rami ya kauce ko kaɗan, filawil zai riƙa rawa, ya ci beyarin, ya jijjiga motar.

Ni na fi son a nemo na asalin injin, ko da sai an je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon filawil a hannu. A ƙirga ramukan noti, a ƙirga haƙoran da kik ke kamawa, a auna faɗin wajen kuloci. Ka duba haƙoran da sansa, wato na'urar da ke lura da juyawar inji, ke karantawa, masu giɓi a wuri ɗaya. In suka saɓa, motar ba za ta tashi ba, ko batirin sabo ne.