Gidan ci-ka-ƙoshi da sinimar Liyon: wasiƙa ga Yayata a Maradi

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara, da Inna da ciwon ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Kin yi mini ƙorafi cewa hoto kawai nake turowa ba labari, to yau gyara zama. Asabar da ta wuce Baban yara bai je aiki ba, ya kwashe mu zuwa sinima, daga can muka zarce gidan abinci.

Mutanen Liyon suna ji da sinima kamar yadda muke ji da gyaɗa. A garin nan ne 'yan'uwa biyu, su Lumière, suka ɗauki fim ɗinsu na farko a 1895, har akwai titi a unguwar Monplaisir da aka sa wa suna Titin Fim na Farko. Babbar ɗiyata ce ta koyo wannan a lakwal ta zo tana yi mini bita. Sababbin finafinai kuma ranar Laraba suke fitowa a duk Faransa.

Tun muna gida aka yanki tikiti ta waya. Babba yuro 12, yaro yuro 7, mu biyar ya kama 45. Kin san yuro ɗaya sefa 656 ne saura ƙiris, ba ya hawa ba ya sauka, ke nan jikka 29 da rabi kafin mu ga komai. Sai gugguru. Kwali ɗaya yuro 6, kusan jikka 4! Masara ce fa, Yaya, masarar nan da ake gasawa a bakin Babbar Kasuwa. Na ce a bari, yara suka tuɓure, ubansu ya saya yana kauce wa idona.

Amma gaskiya a faɗe ta, wurin ya tsaru. Kujera mai laushi, ƙasa tas, har da wani ɗan abin zama da ake ɗora wa ƙananan yara don kan babba kada ya tare musu majigi. Wuta ba ta ko ƙyafta ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tallace-tallacen da aka jera mana kusan minti 20 kafin a fara, bayan mun biya kuɗinmu.

Fim ɗin na zane ne mai motsi, ba mutane ba. Wata yarinya ce marainiya, kishiyar uwa ta tasa ta gaba, aka tura ta daji inda dodo yake. Ko minti goma ba a yi ba na ce a raina: ai wannan gatanar Inna ce aka sa wa riga. Ba ki tuna ba, a kan tabarma bayan sallar isha'i, marainiyar da aka aika wanki wani gulbi mai nisa? Bambancin, nan gashin yarinyar ɗai-ɗai kina ganin iska na kaɗa shi, kuma da dodon ya yi gurnani sai da kujerata ta girgiza. Auta ya cusa kansa cikin hijabina, hannunsa ɗaya bai saki kwalin gugguru ba, ido ɗaya yana leƙe. Ni kuwa da kishiyar ta miƙa wa yarinyar abinci mai guba, ban san sa'ad da na ce "Wayyo, kada ki ci!" ba. Matar da ke gabanmu ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Mutum ya fi ɗari a ɗakin, shiru kamar ana huɗuba. Na tuna mu a tsakar gida in an sa fim ɗin Kano, kowa na ba ɗan wasa shawara, Gwaggo na tsine wa mugu.

Gidan abincin na 'yan Sin ne, irin wanda ake biya sau ɗaya a ci har a gaji. A ƙofa ake ƙirga kawuna. Matar ta tambayi shekarun kowane yaro, don farashinsu da shekaru yake tafiya. Duka yuro 76, kusan jikka 50. Ke kika fi ni sanin buhun gero nawa ke nan a yanzu, ni ba na son in lissafa.

Teburan abinci huɗu ne dogaye, komai da zafinsa a ƙarƙashin fitila, da tire ya kusa ƙarewa sai a sauya. Sai dai rabin abin namu kallo ne. Wannan alade, wancan naman ba mu san wa ya yanka ba, wani an dafa da giya. Baban yara yana gaba yana karanta 'yan takardun da aka kafa, mu muna biye da faranti kamar 'yan kaji. Muka tsaya a kan kifi, jatan lande, shinkafa da taliya. Akwai ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa, na ɗanɗana ɗaya na haɗiye da ruwa. Akwai kuma soyayyar cinyar kwaɗo. Na fara yatsina fuska, sai Baban yara ya ce, "Hajiya, ke da kike kewar soyayyar fara da yaji?" Ban ce komai ba.

Ruwan famfo kyauta ne in kin nema, a kowane gidan abinci na ƙasar. Lemu ne da tsada, a nan suke fanshewa. Yaji kuwa babu na kirki. Mai aikin ta yi ta murmushi tana kwashe faranti, ba tsawa ba harara, amma ba mai ce miki "ƙara mana, ai ba ki ci komai ba."

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne a ƙarshe. Yara sun ɗebo fiye da cikinsu, duk da akwai allo a bango cewa wanda ya bar abinci da yawa za a ƙara masa kuɗi. Na roƙi mai aikin ta ƙunshe mana saura. Ta ba ni haƙuri ta ce ba a yi. Ashe tun 2021 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba mutum mazubin tafiya da ragowarsa, amma ban da irin waɗannan na ci-ka-ƙoshi. Ina kallo ta haɗa shinkafar da jatan landen ta kai ciki. Idona ya kai bakin ƙofa da kansa, wai ko zan ga almajiri da roba. Gilashi ne kawai da motoci. A gidanmu na Unguwar Zariya tuwo ba ya kwana bai san inda za shi ba: kwanon maƙwabta, na malam, na ɗumamen safe. Kuma ban taɓa ganin an ƙirga hannuwan da ke cikin tire ba.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa na ce bari in gwada su. Na ce, "Gatanan gatananku." Su ukun suka zuba mini ido, ta tsakiyar ta tambaye ni da Faransanci me na ce. Ubansu ne ya amsa daga can kujerarsa, "Ta zo mu ji ta."

Don Allah, Yaya, in kin je gida ranar Juma'a ki sa Inna ta yi mana gatanar marainiyar nan a waya, ki turo ta WhatsApp. Ki bari sai dare, kin san ba za ta yarda ta yi da rana ba. In kuma an samu mai tahowa, a haɗo mini yajin ƙuli da kuka. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki.