Gmail ko imel na kamfani: wanne ya fi tsare shafin shago a Google Maps?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce Google ta dakatar da shafin shagon ɗinkinki, ya ɓace daga Maps, wani kuma ya ce miki laifin Gmail ne, wai da imel mai ɗauke da sunan kamfani kika buɗe shi da ba a taɓa ki ba. Allah ya kawo sauƙi. Abin da ciwo, domin duk mai neman lambarki ko kwatancen shagon yanzu sai ya koma wurin wani.

Ta fuskar dakatarwar kanta, jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Google Business Profile, wato tsarin da ke kula da shafukan shaguna a Maps, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, shafin yake dubawa, ba wutsiyar adireshin imel ba. Sunan da kika rubuta ya zama shi ne a jikin allon ƙofarki. Da zarar an liƙa masa irin su "ɗinki mafi kyau, farashi mai rahusa", an karya ƙa'ida. Adireshi ya zama inda kwastoma zai zo ya same ki, ba akwatin gidan waya ba. Shafi biyu na shago ɗaya ma laifi ne, haka sauya suna da adireshi da nau'in sana'a a zama ɗaya yana jawo bincike. Mai imel na kamfani in ya yi waɗannan, shi ma dakatar da shi za a yi.

Inda suka rabu shi ne wajen mallaka, kuma nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau. Gmail na wanda ke riƙe da kalmar sirri da lambar wayar da aka ɗaura masa ne. Na taɓa zama da wani mai shagon kayan gini da yaronsa ya buɗe masa shafi da Gmail ɗinsa na kansa. Yaro ya bar aiki, ya sauya layi. Muna zaune kan benci a ƙofar shagon, ga allo ga kaya ga mai shago, amma ko lokacin buɗewa ba mu iya gyarawa ba, sharhin kwastomomi na shekaru yana hannun wanda ba ya nan. Sai da muka nemi mallakar shafin ta hanyar Google, muka jira kwana 3 da ake bai wa mai riƙe da shi ya amsa, sannan aka ci gaba. Akwai kuma haɗarin masu buɗe wa shaguna da yawa shafi da asusu ɗaya: in Google ta takura wannan asusun, duk shafukan da ke ƙarƙashinsa na iya tafiya tare, har da naki da bai yi komai ba.

Imel na kamfani kuwa, wato wanda ke ƙarewa da sunan da kika saya a intanet, kamar mai .com.ng da NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da rajistarsa, ke ce da shi. Ma'aikaci ya tafi, ki sauya kalmar sirri, shi ke nan. Ba dole sai kin biya Google Workspace, wato tsarin imel na kuɗi da Google ke sayar wa kamfanoni, duk wata ba. Ana iya buɗe asusun Google kyauta da imel ɗin da kike da shi. Raunin imel na kamfani guda ne amma babba: sunan nan haya ce ta shekara-shekara. In aka manta ba a sabunta ba, saƙo ya daina shiga, daga baya wani ma yana iya saye shi. Gmail ba shi da wannan kuɗin, sai dai tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba.

A ganina, imel na kamfani ya zama babban mamallaki, Gmail ɗinki na kanki ya zama mamallaki na biyu, yaran shago kuma a sa su a matsayin manaja kawai. Amma ba yanzu ba, Hajiya. Kada ki taɓa imel, kada kuma ki buɗe sabon shafi alhali wancan yana dakace, domin sai ya zama shafi biyu.

Ki fara gyara abin da ya saɓa ƙa'ida, sannan ki ɗaukaka ƙara da asusun da ke riƙe da shafin. Kafin ki buɗe fom ɗin hujjoji, ki ɗauki hoton takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da takardar kuɗin wuta ko ruwa, da allon shagon daga tsallaken titi, duk suna da adireshi su zo ɗaya da na shafin. Minti 60 kawai ake bayarwa bayan an buɗe fom ɗin, don haka hotunan su riga su shiga wayarki, caji kuma ya cika.