Shafin tallar guraben aiki da ya sallami ma'aikaciyar da nake nema da sunan kamfanina

Na biya kuɗin talla a ɗaya daga cikin manyan shafukan intanet da ake sanya guraben aiki, domin kamfaninmu, wanda ƙarami ne, yana buƙatar wanda zai riƙe lissafin kuɗi ya kuma sa ido a kan shige da ficen kayan sito. A baya nakan sanya irin wannan sanarwa kyauta a Facebook, amma sun rufe sashensu na guraben aiki a 2023, shi kuma LinkedIn, wanda Microsoft ya saya a 2016, na fi ganinsa a matsayin dandalin manyan ma'aikatan ofis, shi ya sa na nufi wannan shafin da ake ta yabo.

Da farko ya burge ni ƙwarai. Rubuta sanarwar bai ci mini lokaci ba, domin da na rubuta sunan aikin sai shafin ya ciko mini sauran bayanai da kansa, ni dai gyara kawai na yi. Kafin gari ya waye takardu sun fara shigowa, kuma cikin ɗan lokaci suka taru fiye da abin da mutum ɗaya zai iya karantawa. Sai da na fara buɗe su na gane inda yawan ya fito: mai neman aiki yana ajiye takardar tarihin karatunsa da aikinsa sau ɗaya, daga nan duk gurbin da ya gani danna maɓalli kawai zai yi, ko ya karanta sanarwar ko bai karanta ba. Na ga direba, na ga mai gyaran wutar lantarki, duk suna neman kujerar akanta. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda shafin yana raba masu nema gida uku, waɗanda suka dace, waɗanda za a iya dubawa, da waɗanda ba su dace ba, ni kuma na tsaya a kan rukunin farko.

Ganawar da na yi da 'yan rukunin farkon ce ta fara sanyaya mini gwiwa. Takardunsu cike suke da kalmomin da ke cikin sanarwata, wasu ma kamar an kwafe su layi bayan layi, amma da na ajiye wa ɗaya daga cikinsu littafin shige da ficen kuɗi da takardar bayanin banki na wata guda, na ce ya daidaita mini su, sai ya yi ta juya shafuka yana tambayata wace manhaja muke amfani da ita.

Ana cikin haka wani tsohon ma'aikacinmu ya ce ya san wata baiwar Allah da ta daɗe tana riƙe lissafin wani kamfanin sari har zuwa lokacin da aka rufe shi, ko zan yarda ya kawo ta. Ta zo, na ba ta littafin nan da takardar bankin. Ta ɗauki fensir, ta bi layukan da bayan fensirin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba sai da ta kai ƙarshe, sannan ta nuna mini kuɗin da aka shigar sau biyu a ranaku mabambanta, ta kuma tambaye ni dalilin da ya sa kayan da wani abokin ciniki ya dawo da su ba a cire su daga cinikin watan ba. Kuskuren farko ni na dasa shi domin gwaji, na biyun kuwa ni kaina ban san yana ciki ba. Na ce mata, "Malama, ina kika shiga tun da muka yi talla, ba ki nema ba?" Ta yi ɗan murmushi, ta ciro wayarta ta miƙo mini, ta ce, "Yallaɓai, ai na nema, ga amsar da kuka ba ni."

Saƙon imel ne ɗauke da sunan kamfaninmu a sama, yana cewa bayan mun yi nazarin takardunta da kyau mun yanke shawarar ci gaba da wasu waɗanda suka fi dacewa. Lokacin da aka aika shi tsakar dare ne, mintuna kaɗan bayan ta tura takardarta. Ban taɓa ganin sunanta ba, balle in yi nazarin komai, kuma ban taɓa rubuta wannan saƙo ba. Na koma shafin na same ta can ƙasa cikin rukuni na uku, da dalili guda a gefen sunanta, wai ba ta da digiri. Ni kuwa ban nemi digiri ba, ƙwarewa na nema, kuma haka na rubuta ƙarara a jikin sanarwar. Ashe cikin bayanan da shafin ya ciko mini da kansa akwai tambayar tantancewa a kan digiri wadda ya mayar tilas, aka ɓoye ta a wani sashe da ba ya bayyana sai an buɗe shi musamman, tare da umarnin a sallami duk wanda ya amsa da a'a.

Na san ba a wurina aka fara ba. Wani rahoto da makarantar nazarin kasuwanci ta jami'ar Harvard ta fitar tare da kamfanin Accenture a 2021 ya nuna kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun yarda cewa irin waɗannan manhajoji suna zubar da ƙwararru saboda ba su yi daidai da ƙa'idojin da aka rubuta ba. Amma babban kamfani shi yake zaɓar ƙa'idarsa, ni kuwa zaɓa mini aka yi, aka kuma sa sunana a ƙarƙashin maganar da ban faɗa ba. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da asarar lokacin, domin mutane da yawa yanzu suna riƙe da takardar da ke cewa mun duba su mun ƙi su.

Da na kai ƙara wurin masu shafin, amsar da ta zo a shirye take tun kafin in rubuta: sun gode da tuntuɓa, kuma mai talla ne ke da alhakin duba saitin tantancewa kafin ya wallafa. Na sake rubutawa na tambayi dalilin kunna abin da ban nema ba, aka maimaita mini amsar farko da sunan wani ma'aikaci daban.

Duk da haka ba zan ce shafin ba shi da amfani ba. Da na kashe tantancewar na zauna na bi rukuni na uku da idona, na tsinci mutum biyu da na ajiye takardunsu domin gaba, waɗanda ba na jin cigiya ta bakin ma'aikata za ta kai gare su. Wanda yake da lokacin karanta kowace takarda da kansa zai iya cin moriyarsa, har na fara tunanin in sassauta hukuncina.

Sai kuma lissafin kuɗin tallar ya iso. Ana cajin mai talla ne a kan kowane danni, saboda haka direban nan da mai gyaran wutar duk na biya kuɗin zuwansu, haka ma duk waɗanda shafin ya kora ba da sanina ba, ciki har da wadda na ɗauka a ƙarshe. Na rufe sanarwar, amma kwafinta yana nan a wasu shafukan da aka rarraba ta, har yanzu ana kiran ofishinmu ana tambayar gurbin da aka riga aka cike. Na nemi a sauke kwafin, a kuma goge bayanan katin bankinmu daga rumbunsu, kuma zuwa yanzu ba a yi ko ɗaya daga ciki ba.